Babbar Tarakta Da Yankan Ingirici

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu shanu da masu hannu da shuni a ƙasarmu, ita ce ta sayen babbar tarakta don a yanki ciyawa a yi ingirici. Niyyar kam ba ta da aibu. Kowa ya san halin da dabba ta ke shiga daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa. Daji ya ƙone, kara ya ƙare a gonaki, saniyar da ta cika ido da kaka ta koma ana ƙirga haƙarƙarinta, har wata sai an kama wutsiya an ɗaga ta kana ta tashi. Nono ya ɗauke, makiyayi ya kora kudu, can kuma dabba ta faɗa gonar wani, a yi abin da ba a so. Alhali kuwa gamba da kyasuwar da za su raba wannan gardama suna nan tsaye cikin watan Satumba, gamba har ta fi mutum tsawo, ba mai cin ta daga baya sai wuta. To, wanda ya ce zai yanke ya ajiye, ai ya yi tunani. Abin da na ke ja a kansa ɗaya ne, watau mutanenmu suna kama sha'anin ta wutsiya. Su kan tambayi girman tarakta tun ba su tambayi faɗin filin ba, ko wanda zai sayi ciyawar, balle wanda zai hau kujerar.

Mu fara da abin da ya riga ya auku, don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. A 1947 Gwamnatin Ingila ta ɗaura aniyar noman gyaɗa da injuna a ƙasar Tanganyika, wadda yanzu ta ke cikin Tanzaniya, a bisa fili fiye da eka miliyan 2. Aka kawo manyan taraktoci, har da tankokin yaƙi da aka sake wa siffa, aka riƙa ɗaura sarƙar jirgin ruwa tsakanin biyu suna ja don su ka da itatuwa. Saiwoyi da taurin ƙasa suka cinye garmuna, ruwan sama ya yi ƙaranci, injuna suka lalace babu isassun masu gyara. A 1951 aka watsar da aikin, bayan fiye da fam miliyan 30 sun salwanta. Nan gida kuma, a Mokwa, an yi irin wannan gwaji daga 1949 zuwa 1954. Tarakta ta buɗe gona mai faɗi, amma haki da ya fito bayan shuka sai da fartanya, hannun iyali kuwa bai kai faɗin da injin ya buɗe ba. Waɗanda suka yi waɗannan ayyuka masu ilmi ne, kuɗi kuma bai gaza musu ba. Sun dai sayi ƙarfi ne tun ba su auna aikin ba.

To, mu mu auna namu, lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba. Injin yanka mai faɗin mita 2, in tarakta tana jansa kilomita 8 a awa, zai share murabba'in mita 16,000, watau wajen eka 4. A cire ɗaya saboda juyawa a bakin gona da tsayawa a cire abin da ya shaƙe, saura eka 3 a awa. Ke nan mai eka 30 ya gama yanka cikin awa 10. A ƙara juya ciyawa da tara ta layi-layi da ɗaurewa, duka aikin shekara ba zai wuce awa 40 ba. Shekara kuwa awa 8,760 ce. Wannan aiki duka tarakta mai ƙarfin doki 45 ko 50 tana yinsa ba da wahala ba. In mutum ya ɗauko mai ƙarfin doki 100 ya sa ta a nan, yankan ba zai ninka ba, don faɗin injin yankan bai sake ba, gonar kuma ba ta yarda a yi gudu a cikinta. Abin da zai ƙaru shi ne man gas da ta ke sha, da kuɗin taya, da bashin da aka ci aka saye ta. Sauran watanni tana ajiye gindin darbejiya, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, bashi kuwa ba ya barci.

Abin da ya ke tilasta babbar tarakta a wannan aiki shi ne injin ɗaure ciyawa. Iri biyu ne. Akwai mai fitar da ƙaramin dami mai kusurwa huɗu, nauyinsa wajen kilo 20, wannan ƙaramar tarakta tana isarsa. Akwai kuma mai naɗe ciyawa ya yi babban dunƙule kamar ganga, irin wanda ya bazu a Amurka daga 1971, nauyin ɗaya ya kan kai kilo 300 ko fiye, shi ne mai son ƙarfi. Don me ya bazu a can? Don ma'aikata sun yi tsada, mutum ɗaya ya ke ciyar da ɗaruruwan shanu, yana kuma da wata na'ura a gaban taraktarsa mai ɗaga dunƙulen. Mu kuwa wa ya ke sayen ciyawa a kasuwanninmu? Mai turke ragon Layya ne, da matar da ta ke da awaki uku a bayan ɗaki, da mai shanun huɗa biyu. Dami-dami su ke saye, kamar yadda su ke sayen harawa, a ɗora a kai ko a jaki ko a bayan babur, a kai gida a jefa kan soro. Dunƙulen kilo 300 wa zai ɗauka? Sai babbar gonar madara mai shanu da yawa wuri guda. Saboda haka tsarin tambaya ya kamata ya zama haka: mai saye shi ya ke nuna irin damin, dami ya nuna irin injin ɗauri, injin ɗauri kuma ya nuna ƙarfin taraktar da za a nema. Ita ce ta ƙarshe a layi, ko da ya ke ita ce ta fi cika ido a ƙofar gida.

Sa'an nan ga ƙasar kanta. Gonakinmu kunya-kunya ne, injin yanka kuwa shimfiɗaɗɗen fili ya ke so. Cikin gamba mai tsawo kututture ba ya ganuwa, suri ma haka, rami ma haka, wuƙar injin kuwa in ta ci karo da ɗaya daga cikinsu ta tashi aiki. Wanda ya ke da kuɗin babbar tarakta, da ya raba su ya sayi matsakaiciya, ya kashe sauran wajen tumɓuke kututtura da baje fili da yin rumfar ajiya, da ya fi samun ingirici. Kuma kafin ya biya ko kwabo, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya tambaya kayan gyaran wace iri a ke samu a kan tebur. Irin Massey Ferguson 375, mai ƙarfin doki 75, makanikanmu sun san cikinta kamar yunwar cikinsu. Waɗansu manyan na zamani kuwa sai an jona musu kwamfuta kana a san ciwonsu, ba su kuma jure man gas mai ruwa ko datti. Taraktar da ta tsaya mako uku cikin Oktoba tana jiran wani ɗan ƙarfe daga ƙetare, shekarar nan ba ta yi kome ba.

Na san abin da masu son babbar za su ce, maganarsu kuma tana da nauyi. Za su ce lokacin yankan ingirici ƙanƙane ne. Gaskiya ne. Ciyawa tana da amfani ga dabba ne lokacin da ta fara fitar da kai. In ta tsufa ta zubar da iri, ta zama kara, saniya ta cika ciki amma ba ta ƙiba. In kuwa aka yi gaggawa aka yanka cikin marka, ruwa ya doke ta a ƙasa ta ruɓe. Ba a kuma ɗaure ta sai ruwan jikinta ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100, in ba haka ba ta yi fumfuna, har dami ya kan yi zafi daga ciki ya kama wuta shi kaɗai a rumfa. Tsakanin ɗaukewar ruwa da tsufan ciyawa 'yan makonni ne kawai, saboda haka mai ɗaruruwan eka lalle yana bukatar ƙarfi da sauri. Ban musa ba. Amma mutum nawa ne cikinmu masu ɗaruruwan eka na ciyawa? Babbar tarakta hakkinta shi ne ta zama ta ƙungiya ko ta haya. Za a ce ai kowa mako ɗaya zai neme ta. Wannan ma akwai dabara, don ruwa ya kan riga ɗaukewa a wajen Daura da Katsina kafin Zariya, Zariya kuma ta riga ƙasashen da ke kudu da ita. Injin ya fara daga arewa ya bi damina yana gangarowa. Kuma in waɗansu suka shuka lablab, wanda masu binciken dabbobi na Shika suka daɗe suna yaɗawa, shi yana jimre fari ya tsaya kore bayan ciyawa ta bushe, sai a yanke shi daga baya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, shi ne mai tuƙi. Mutum ya kashe dukiya mai yawa a kan ƙarfe, sa'an nan ya miƙa mabuɗi ga yaron da ya iya mota ko babur, wai ai tuƙi duk ɗaya ne. Haba! Tarakta birki biyu gare ta, na hagu da na dama, don a juya a ƙunci cikin gona. In za a hau hanya tilas a haɗe su da ɗan maƙalinsu, in ba haka ba mai tuƙi ya taka ɗaya cikin gudu ta karkace ta kife. Abin da za a ja kuma ba a ɗaura shi sai a sandar ja ta ƙasa. Wanda ya ɗaura sarƙa a sama da gatarin baya don ya tumɓuke kututture, gaban taraktar ne zai tashi ta faɗo masa ta baya, cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba, tun ƙafarsa ba ta sami kulochi ba. Wanda ya ɗaga babban dunƙule sama yana tafiya a gangare, ko dai ta kife ta gefe, ko dunƙulen ya gangaro ta kan hannuwan na'urar ya danne shi a kujera. Saboda irin wannan ne ƙasar Suwidin ta kafa doka tun 1959 cewa sabuwar tarakta sai da ƙarfen kariya a bisa kujera. Nan kuwa har cire shi a ke yi don ta shiga ƙarƙashin rumfa, a kuma jera yara a kan marufin taya ana ba su ɗani.

Mafi haɗari duka shi ne shaf ɗin baya, wanda ya ke kai ƙarfin injin zuwa ga abin yanka da abin ɗauri. Juyi 540 ya ke yi a minti, watau 9 a daƙiƙa guda. Ku dubi tufafinmu, babbar riga, da jelar rawani, da mayafi, da hannun kaftani mai faɗi. Zare ɗaya in ya taɓa, kafin mutum ya yi salati ya naɗe shi. Injin ɗauri kuwa ya kan shaƙe, mai gaggawa ya sauko yana tura ciyawa da hannu ko ƙafa injin yana aiki. Ƙa'ida a nan ba ta da sassauci: a kashe shaf, a sauke kayan aiki ƙasa, a ja birkin hannu, a kashe injin, a zare mabuɗi a sa a aljihu, kana a sauko. Murfin shaf in ya fashe a sake shi ran nan, kada a ce sai an gama aiki.

A makarantar allo ba a ba yaro hadda ran da aka kawo shi. Babbaƙu ya ke farawa, sa'an nan farfaru, malam yana zaune kusa yana jin kowane harafi. Tuƙin tarakta ma haka ya kamata a bi shi. Da fari ya koyi duban safe, watau baƙin mai, da ruwan lagireto, da iskar taya, da wuraren sa giris, da kakkaɓe matatar iska, don ƙurar hunturu da ƙaiƙayin ciyawa su kan toshe lagireto injin ya yi zafi ya ƙone. Daga nan ya tuƙa ta ita kaɗai a buɗaɗɗen fili da ƙaramar giya, gaba da baya, har hannunsa ya faɗa. Sa'an nan ya koyi komawa da baya ya ɗaura kayan aiki a hannuwan nan uku na baya, ba tare da wani ya tsaya tsakani ba. Sai bayan wannan duka zai shiga ciyawa, bayan ya zaga filin da ƙafa ya kafa sanda a kan kowane kututture da rami. Wanda kuma ya saba da ƙaramar tarakta kada ya ɗauka ya gama, don babbar ta fi nauyi da faɗi da tsawo, tana son fili mai yawa kafin ta tsaya ko ta juya, abin da ke kusa da tayarta kuma ba ya ganuwa daga kujera.

Duk waɗannan ƙa'idodi suna rubuce cikin littafin da a ke bayarwa tare da tarakta, amma da Turanci, littafin kuwa yana aljihun tebur ɗin mai gida, mai tuƙi bai taɓa ganinsa ba. A nan ne mu masu koyon malanta mu ke da abin yi. Ina roƙon malamanmu na aikin gona su zaɓo mana abin da ya fi muhimmanci, mu juya shi da Hausa, da boko da ajami, a taƙaice yadda zai shiga warƙa ɗaya a manna kusa da sitiyari. Masu sayar da tarakta kuma a sharɗanta musu su koyar da mai tuƙi kafin a biya su cikon kuɗi. Lokacin yin wannan shi ne watan Fabrairu da Maris, sa'ad da fili ya ke fayau, kututture yana bayyane, ba kuma ciyawar da ta ke jiran yanka.