A Bar Yara Su Taɓa Laka

Jama'ar zango, ƙara ta yi yawa a zauren Liman. Iyaye mata su na kuka, wai ƙananan 'ya'yansu su na komowa daga makaranta jiki duk fenti da laka, ga sabulu da tsada. Har waɗansu sun ce za su cire su. Mun saurara, amma ba mu goyi bayansu ba.

Tun 2007 Gwamnatin Gana ta sa karatun 'yan shekara 4 da 5 cikin na dole. To, yaro kamar wannan da hannu ya ke koyo. In ya cuɗa laka, ya juye yashi daga gwangwani zuwa ƙwarya, ya tsoma yatsa cikin fenti, nan ya ke gane nauyi da laushi, yatsunsa kuma su yi ƙarfin riƙe alƙalami. Mu da mu ka yi karatun allo, wane ne bai gina saniyar laka ba, bai koma gida riga duk tawada ba? Ƙasa kuwa da ita mu ke taimama.

Kada a tsare shi da "Me ka zana?" Ai ba kayan kasuwa ya ke yi ba.

Amma fa ruwan kwata dabam ne. Ba mu manta da kwalarar 2014 a Ankara ba. A zuba masa yashi mai tsabta a tsakar gida, a sa masa tsohuwar riga, a kawar da abin da zai iya haɗiyewa. In ya gama, a wanke masa hannu da sabulu kafin tuwo.