Zaƙi da Yaji a Ƙwallon Nama

Masu ganin cewa zaƙi a cikin nama baƙon ɗanɗano ne sun manta da kilishi. Labun da mahauta ke tsoma yankakken nama a ciki tunkuza ce da barkono da citta da kanumfari, wasu kuma suna ƙara dabino ko sukari. Saboda haka uwargidan da ta mulmula niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, ta soya, sannan ta juya shi cikin mazarƙwaila da ruwan tsamiya da attarugu har ya yi sheƙi, ba ta saɓa wa girkin gida ba. Hasali ma tana da hujjar tattali: naman da ba zai zagaya yara ba in an yanka shi tsoka-tsoka, idan aka kirɓa shi da ɗan burodi kowa zai samu rabo. Za a ce ba kowane gida ke da injin niƙa ba. To, da me ake daka dambun nama in ba turmi da taɓarya ba? Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na masu ciwon sukari, kuma nan dole a rage mazarƙwailar, a bar tsamiya da yaji su ja ragama. Sai dai a kula, zaƙi saurin ƙonewa gare shi: sai naman ya soyu, an janye itace, sannan a zuba romon, in ba haka ba ɗaci zai cinye tukunyar.