Zinariyar Yawuri: Ina Ɗakin Da Za A Gwada Ta?

Daga Wakilinmu

Cikin watan Yuli na 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinariya mai nauyin kilo 12.5, wadda Babban Bankin Nijeriya ya saya a kan Naira miliyan 268. Wannan ita ce ribar farko ta shirin nan na PAGMI, wanda aka soma gwada shi a Jihohin Kebbi da Osun, aka kuma yi rajistar masu haƙa a ƙasar Yawuri. An yi murna, amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: wa ke auna abin da ke cikin dutsen da mutanen Birnin Yawuri suke fasawa?

Tambayar tana da nauyi saboda dalili biyu. Na farko shi ne ciniki, gama mai haƙar da bai san darajar dutsensa ba sai ya sallama a kan farashin da dillali ya yanka masa. Na biyu shi ne rai. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara, musamman a Anka da Bukkuyum, saboda dutsen da ake niƙawa cikin gidaje yana ɗauke da dalma. A 2015 aka sake ganin irin haka a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ido ba ya rarrabe dutse mai guba da marar guba. Gwaji ne kaɗai ke yin haka.

Har wa yau akwai maganar zaiba, wadda masu haƙa ke kama zinariya da ita, sa'an nan su ƙone ta. Hayaƙinta yana lahanta ƙwaƙwalwa, ragowarta kuwa ruwan sama kan kwashe zuwa rafuka. Idan ta isa Tafkin Kainji, kifi ne zai tara ta, kifin nan kuwa shi ne abinci da sana'ar dubban mutane a Yawuri da Ngaski. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata a 2018, watau ta ɗauki alkawarin rage amfani da zaiba.

To, waɗanne kayan aiki ake bukata? Da fari akwai injin niƙa da rariya, don a sami gari mai wakiltar dutsen. Sai tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,000, inda ake narka garin har a fitar da ɗan ƙwayar zinariya a ɗora bisa ma'auni mai tsananin daidaito. Sai na'urar XRF, wadda cikin 'yan mintoci take nuna ƙarafan da ke cikin dutse. Sai kuma na'urar AAS, mai auna dalma da zaiba cikin ƙasa da ruwa da naman kifi.

Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen injiniyancin ƙarafa, tana kuma da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. A Jos akwai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa, a Kaduna kuma akwai ɗakin gwajin ma'adinai na Gwamnatin Tarayya. Amma duk waɗannan sun yi wa mai haƙa na Yawuri nisa. Jihar Kebbi kuwa tana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta 2013. Ya kamata ɗayarsu ta nemi taimakon asusun TETFund ta kafa cikakken ɗakin gwaji, tare da ƙaramin reshe a Yelwa inda za a riƙa karɓar samfur.

Sai dai sayen na'ura shi ne mafi sauƙi. Na'urar AAS ba ta aiki sai da iskar gas da fitilu na musamman. Tanderu yana bukatar lantarki marar yankewa. Dukansu kuma suna bukatar ƙwararren ma'aikaci da kuɗin gyara kowace shekara. Duk kasafin da bai tanadi waɗannan ba, ƙura kawai zai saya wa na'urorin.

Mutanen bakin tafkin nan sun bar garuruwansu aka gina Madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, don ƙasa ta sami wuta. Bai yi yawa ba in an ba su wurin da za a gaya musu gaskiyar abin da ke cikin ƙasarsu da ruwansu.