A Tambayi Masunta Kafin A Raba Ruwan Chadi

Jama'a, duk wanda ya ke cin kasuwa ya san bandar Baga. Kifin nan daga Tafkin Chadi ya ke fitowa, tafkin kuwa ƙasashe huɗu ne su ka kewaye shi, watau Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Da fari ya auku a shekarun 1970 da na 1980, sai ya ƙafe har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Ruwa ya ɗan komo daga baya, amma bai kai matsayinsa na dā ba.

Shugabannin ƙasashen nan huɗu sun haɗu a Fort-Lamy, wadda a ke kira Njamena yanzu, ran 22 ga Mayu 1964, su ka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Mun yaba da wannan, gama fiye da kashi tara cikin goma na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin daga Shari da Logone ya ke zuwa, su kuwa ba ta ƙasarmu su ka biyo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma bayan sa hannu me ya faru? Kowace gwamnati ta koma gida ta yi abin da ta ga dama. Kamaru ta gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, sai ambaliyar Logone ta daina kaiwa fadamun Waza, kifi ya ragu, ciyawar shanu ta mutu. Mu ma nan an gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, fadamun Haɗeja da Nguru su ka tsuke, ruwan kogin Yobe da mu ke sha tare da mutanen Diffa ya ragu. An kuma kashe kuɗi masu ɗimbin yawa a kan babban aikin noman rani na Marte, sa'an nan tafki ya ja da baya, ya bar magudanai a bushe. A cikin ayyukan nan duka, wa ya tambayi masunci? Wa ya tambayi makiyayi, ko matar da ke ƙyafe kifi ta ci da marayunta?

Takardu kam ba su yi ƙaranci ba. Nijeriya da Nijar sun ƙulla yarjejeniya a Maiduguri a 1990 a kan raba ruwan kogunan da su ka haɗa su bisa adalci. A 2012 kuma ƙasashen Hukumar su ka amince da dokar ruwan tafkin. A taron Abuja na 2018 manya su ka yi na'am da shirin Transaqua, watau a haƙa magudana mai tsawon kilomita wajen 2,400 a jawo ruwa daga rassan kogin Kwango. Mutanen Kwango da yawa sun ce ba su yarda ba, kuma ba mu ga laifinsu ba, don su ma ba a shawarce su ba. Da na gaba a ke gane zurfin ruwa: wanda ya ga abin da ya sami Marte ba zai yi gaggawar tafa wa sabuwar magudana ba.

Abin da mu ke nema a fili ya ke. Na fari, a riƙa sakin ruwa daga madatsu lokacin ambaliya domin fadamu su sha. An gwada haka a Waza a 1994, kifi da ciyawa su ka komo inda ruwan ya kai. Na biyu, kowace ƙasa ta sanar da maƙwabtanta ranar buɗe madatsa da yawan ruwan da za ta saka, a kuma faɗa a rediyo da Hausa da Barbarci da Fillanci da Larabci. Na uku, masunta da manoma da makiyaya da 'yan kasuwa su zaɓi wakilansu da kansu, su zauna a inda a ke yanke shawara. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

'Yan'uwa talakawa, ran da mai neman ƙuri'a ya zo rumfarku, ku tambaye shi abin da ya taɓa faɗa a majalisa a kan ruwan nan. In ya kama kame-kame, kun san amsar da za ku ba shi.