Wa Zai Biya Kuɗin Gyaran Hanya?

Duk wanda ya sauka Maiduguri a 'yan shekarun nan ya ga ƙananan motocin haya masu tafiya shiru, ba ƙara ba hayaƙi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya gagari talaka, shi ya sa Gwamnatin Barno ta sayo motoci masu aiki da lantarki da iskar gas, Shugaba Tinubu kuwa ya zo da kansa ya ƙaddamar da su a Disamban shekarar. Madalla. To, amma akwai wata magana da za ta taso ko ba jima ko ba daɗe, watau kuɗin gyaran hanya.

A ƙasashe da yawa cikin kuɗin mai ake cusa harajin hanya, wanda ya fi sha shi ya fi biya. Mai motar lantarki ba ya zuwa gidan mai, alhali tayarsa na cin kwalta kamar ta kowa. Don haka Jihar Texas ta Amurka ta ɗora masa dala 200 kowace shekara tun 2023, Ingila ma ta soke rangwamen da take yi masa a Afrilun 2025.

Mu nan lamarinmu dabam ne. Tun 2007 dokar hukumar FERMA ta ce a cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da dizal don gyaran hanyoyi, amma shekara da shekaru dokar ta yi ta barci a takarda. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta sake ɗauko wannan kashi 5 ɗin. Ashe wanda ya daɗe bai karɓa wajen mai fetur ba, da wane ido zai fara da mai lantarki?

Ni a ganina, in za a yanka kuɗin rajista, a dubi nauyin mota, a bar zancen abin da take sha. Manyan motocin da ke bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru da kaya niƙi-niƙi su ne ke farfasa kwalta. 'Yar tasi mai ɗaukar mutum huɗu daga Kasuwar Monday zuwa Jami'a ɓarnarta kaɗan ce, kuma duk kwabon da aka ƙara mata, daga aljihun fasinja direba zai fanshe shi.