GONAR TALAKA KO KABARIN BABBA: WANNE YA FI DARAJA A KORIYA?

A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa kaburburan duwatsu na Gochang da Hwasun da Ganghwa, a Koriya ta Kudu, cikin kayan tarihi na duniya. Madalla. Amma ni a ganina an karrama wanda aka binne, an bar waɗanda suka ɗauko dutsen.

Ga yadda abin yake. Mutanen Koriya na farko masunta ne da mafarauta, kamar na Amsa-dong a bakin kogin Han, wurin da ambaliyar 1925 ta tone. Wajen shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa suka fara shuka gero, ko da yake ba irin namu ba ne, nasu ƙanana ne. Shinkafa kuwa sai bayan shekara ta 1500 kafin haihuwarsa ta kankama. To, daga nan ne zama ya sāke. A Songguk-ri, inda aka fara haƙa a 1975, an sami ƙauye mai shingen itace, da ƙonanniyar shinkafa, da kabari mai takobin tagulla. Wa ke kewaye gari in ba shi da abin da za a sata? Wa kuma ke shiga kabari da tagulla in duk kowa ɗaya ne? Ashe da hatsi ya yi rara, sai aka sami mai riƙe da rumbu, shi ne kuwa ya iya ciyar da ɗimbin mutanen da suka jawo marfin kabarin Ganghwa, mai nauyin wajen tan 50.

Saboda haka gonakin Daepyeong sun fi burge ni. Nan kusa da Jinju, a bakin kogin Nam, masana suka haƙa cikin shekarun 1990, domin za a ƙara girman madatsar ruwa. Suka tarar da kunyoyin noma a jere ƙarƙashin yashi, da gidaje, da inda ake sassaƙa duwatsun ado masu launin kore. Wato dai gumin manomin da bai bar suna ba.

Wani zai ce ai kunya ba ta jawo baƙi masu kuɗi, dutse ne ke jawowa. Gaskiya ne. Sai dai dutsen yana nan ko bayan shekara dubu, gona kuwa katafila ɗaya ta ishe ta. Da ba a haƙa tukuna ba, da kunyoyin Daepyeong sun tafi ba wanda ya auna su.