Filin Uwargida: 'Yarki Ma Za Ta Iya Zama Mai Binciken Abinci



Uwargida, idan kina zaune a Darini ko wani ƙauye na Batsari da Safana, kin san yadda damina ke zuwa rumbu ya yi ƙasa, gona kuma ta gagara zuwa saboda 'yan bindigar dajin Rugu. Ke ce ke rage mudun tuwo, ki ƙara da kwaɗon rama, ki sayar da akuya, ko ki kwana da yunwa don yara su ci. To, wannan dabarar taki ilimi ce da ake karantawa a jami'a har zuwa digirin digirgir. Masana na kiranta auna juriyar gida, wato ƙarfin iyali na miƙewa bayan fari, tsada ko hari.

Tambayoyinsu ba baƙi ba ne gare ki. A kwana 7 da suka wuce, sau nawa aka ci wake, nama ko madara? Sau nawa aka ranto hatsi? Sau nawa manya suka haƙura? Daga amsoshin ne ake haɗa rahoton Cadre Harmonisé, wanda Nijeriya ta fara a 2015, da shi kuma gwamnati da ƙungiyoyin agaji ke duba inda za a fara kai ɗauki. Ba wasa ba ne: a Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata 6.

Ga inda gizo ke saƙar. Namiji baƙo iyakarsa zaure, maigida kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce jiya ba a ɗora tukunya ba. Mace ce ke shiga har madafa. Wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa a 1967 tana nazarin rumbuna da sana'ar matan kulle, littafinta na 1972 kuma har yau ana karanta shi. Idan baƙuwa ta iya, ina ga 'yar gida mai jin harshenmu, wadda ta san kunyarmu?

Hanya a buɗe take. Yarinya ta dage da lissafi da kimiyya a sakandare, ta nemi fannin tattalin arzikin noma, a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da aka kafa a 2011, ko ta Ahmadu Bello a Zariya. Ko aure ya zo, a yi maganar karatun tun kafin a sa rana.

Ke kuma, in masu bincike suka yi sallama, ki faɗi gaskiya, kada ki ƙara, kada ki rage. Annabi Yusuf (AS) da lissafi ya tanadi hatsin shekara 7 ya ceci al'umma.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.